Daga Ina Haruffan Ban Tsoro Da Na Ban Dariya Suka Fito?

 Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, ɗan kasuwa mai sayar da iri da takin zamani da maganin feshi, wanda ya ce shi ma manomi ne in damina ta faɗi. Yana roƙon a ba shi tarihin haruffan nan na boko masu ado da ake rubuta kanun labarai da allunan talla da su, musamman masu kama da jini yana ɗiga, da masu tsini kamar ƙaya, da kuma masu ƙibar nan da ke karkacewa kamar suna rawa. Wa ya ƙago su, a wace ƙasa, kuma mene ne amfaninsu, tun da harafi dai harafi ne?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Amsar a gajarce ita ce, kasuwa ce ta haifi waɗannan haruffa, ba makaranta ba. 'Yan'uwanka 'yan kasuwa na Ingila ne suka sa aka ƙera su, shekaru 200 da 'yan kai da suka wuce. Amma kafin mu kai can sai mun ɗan koma baya.

Sana'ar buga littafi da haruffan ƙarfe a Turai ta soma ne a birnin Mainz na ƙasar Jamus wajen shekara ta 1450, a hannun wani maƙerin zinariya mai suna Johannes Gutenberg, ko da yake mutanen Koriya sun riga shi, don suna da littafin da suka buga haka tun 1377. Dabararsa ita ce ya zuba narkakkiyar dalma gauraye da kuza a cikin ɗan mazubi, kowane harafi ya fito shi kaɗai kamar ɗan hatimi. Sai a jera su ɗaya bayan ɗaya su tada kalma, kalmomi su tada shafi, a shafa tawada, a danna a kan takarda. In an gama a wargaza, a sake jera wani shafin. Babban aikinsa shi ne Baibul, wanda ya kammala wajen 1455, kwafi kimanin 180.

Abin da muke so ka riƙe a nan shi ne kamannin haruffan nasa. Gutenberg bai ƙago sabon salon rubutu ba, hannun marubutan zamaninsa ya kwaikwaya, masu kwafar littattafan addini da alƙalami. Rubutu ne baƙi ƙirin, mai kauri, mai kusurwa, haruffan a tsaitsaye a matse da juna kamar shingen kara. To wannan rubutu, wanda a wancan zamani babu mai daraja kamarsa, shi ne yau za ka gani a fostar fim ɗin fatalwa. Yadda aka yi ya faɗo daga can zuwa nan, za mu zo kansa.

Mutanen Italiya dai ba su so shi ba. Malamansu sun ce rubutun gidadawa ne, suka laƙaba masa suna Gotik, watau na Gotawa, wata ƙabila da ta taɓa washe birnin Rum a shekara ta 410. Zagi ne, ba yabo ba. A 1470 wani Bafaranshe mai suna Nicolas Jenson, mazaunin birnin Benis, ya sassaƙa wasu haruffa masu sarari da sauƙin karatu, kuma da jikokinsu ake buga yawancin littattafan boko har yanzu. Daga nan har shekaru 300 da ɗoriya ba a sami wani babban canji ba. Aikin maɗaba'a littafi ne, littafi kuwa wanda ya zauna da niyyar karatu ake yi wa, ba ya bukatar a daka masa tsawa. In ban da harafin farkon babi da akan yi wa zayyana, in ana son kan magana sai a ɗauko harafin nan dai na ciki a ɗan ƙara masa girma.

Abin ya sauya ne a Landan a farkon ƙarni na 19. Masana'antu sun bunƙasa, injuna suna fitar da yadi da sabulu da tukwane fiye da abin da unguwa ɗaya za ta saye, mutanen karkara kuma suna ta kwarara birni neman aiki. A 1801 mutanen Landan kimanin miliyan 1 ne, kafin 1901 sun haura miliyan 6. A ƙauye kowa ya san rumfar kowa, ba sai an rubuta ba. A birni irin wannan kuwa mai kaya bai san mai saye ba, mai saye bai san mai kaya ba, sai dai talla ta haɗa su. Ga shi kuma gwamnati ta ɗora wa jarida haraji mai nauyi: daga 1815 kowane kwafi ana biya masa kwabo 4 na hatimi, kowace talla ɗaya da aka buga a ciki kuma sule 3 da sisi, komai ƙanƙantarta. An rage harajin tallar a 1833, amma ba a soke shi ba sai 1853. Takardar da aka liƙa a bango kuwa ba ta biyan wannan haraji. Sai 'yan kasuwa suka koma wa bango.

To amma bango ba littafi ba ne. Mai wucewa yana sauri, ko yana cikin keken doki, ga takardun wasu goma a kewaye da taka, kowace tana neman idonsa. Masu liƙawa kan fita da dare su manna tasu a kan ta wani, kafin gari ya waye wani ya zo ya rufe tasu. Ka san yadda kasuwa take ranar da ta ci, mai murya ƙasa-ƙasa da kayansa zai koma gida. Haruffan littafi kuwa murya ƙasa-ƙasa gare su. Aka shiga neman harafi mai ihu.

Wanda aka fi danganta farkon abin da shi wani mai zubin haruffa ne a Landan, Robert Thorne, wanda ya mutu a 1820. Ya ɗauki harafin littafi ya cusa wa gaɓoɓinsa na tsaye ƙiba har suka yi kauri kamar turmi, ya bar na kwance sirara kamar zare. Masu sayar da tikitin caca suna daga cikin waɗanda suka fi amfani da shi, don kuwa har 1826 gwamnatin Ingila da kanta take shirya caca ta tara kuɗi.

Da ƙofa ta buɗe sai kowa ya shigo da nasa. Wajen 1815 Vincent Figgins ya fito da haruffan da 'yar ƙafar nan ta gindinsu ta zama ƙatuwa kamar tubali, aka riƙa kiran irinsu na Masar. Ba abin da ya haɗa su da Masar. Tun da Napoliyon na Faransa ya kai yaƙi can a 1798 Turawa suka haukace da duk abin da aka ce na Fir'auna ne, 'yan kasuwa kuwa suka ga sunan zai sayar. A 1821 kamfanin Caslon ya juya ƙa'idar kanta: inda aka saba ganin kauri ya sirance, inda aka saba ganin siranta ya kaurara, harafin ya fito kamar wanda ya sa riga a baibai. Da gangan aka yi, don ido ya yi tuntuɓe ya tsaya. Wannan kuma aka ce masa na Italiya, shi ma ba ruwan Italiya da shi. Jikokinsa ne ka sani a fina-finan kaboyi, a takardar da ake liƙawa ana cigiyar ɗan fashi.

Mu dai wanda ya fi burge mu a cikinsu, kuma muna jin zai burge manoma, shi ne Louis Pouchée, shi ma a Landan, wajen 1820 da 'yan kai. Shi manyan haruffa ya sa aka sassaƙa, aka cika cikin kowanne da zane: wani da 'ya'yan itace da furanni, wani da dabbobin gida da kayan noma, wani da kayan kiɗa. Jeri 23 na waɗannan haruffa sun tsira har yau. Wanda ya taɓa ganin allon zayyana na saukar karatu, ko ƙwaryar da ta sha sassaƙe, zai gane irin haƙurin da aikin ya ci.

Sai dai dalma tana da iyaka. In harafi ya yi girma, wajen hucewa tsakiyarsa takan lotsa, tawada ta ƙi kama wurin, ga nauyi, ga tsada. Wani Ba'amurke a birnin Niyok, Darius Wells, ya warware wannan a 1827 da ya ƙera injin da ke rarake katako da sauri, ya kuma fitar da littafin samfurin haruffan katako na farko a 1828. A 1834 William Leavenworth ya haɗa injin da wata na'ura mai bin sawun zane, yadda daga samfuri ɗaya za a yanka harafi ƙarami ko babba, yadda mai saye ke so. Katako ya fi dalma araha nesa ba kusa ba, kuma ana iya yanka harafi ya kai kamu guda ko fiye. Daga nan fa ado ya ɓarke: masu inuwa, masu wutsiya kamar ta kifi, masu ƙulli a tsakiya, masu kama da an harhaɗa su da guntayen itace.

Da waɗannan haruffa aka yi tallan abin dariya, da su kuma aka yi na abin kuka, kuma harafin bai canza ba. Masu yawo gari-gari da tanti suna wasa da dabbobi, kamar dai gardawanmu masu wasa da kura amma da jirgin ƙasa guda na kaya, sun sha amfani da su. Babbansu P. T. Barnum, wanda a 1882 ya sayi wani toron giwa mai suna Jumbo daga gidan namun dajin Landan, giwar da tun tana 'yar ƙarama aka kamo ta daga yankin Sudan, ya cika bangayen Amurka da sunanta. Amma da irin haruffan nan ne masu bayi a kudancin Amurka suke buga sanarwar gwanjon mutane, da cigiyar bawan da ya gudu, da ladan wanda ya kamo shi. Da aka harbe Shugaba Abraham Lincoln a watan Afrilu na 1865, takardar da gwamnati ta baza ta alkawarin dala 100,000 ga waɗanda suka kamo masu laifin, da su aka buga ta. Ka ga ke nan har zuwa lokacin harafi ihu kawai yake yi. Ko ihun murna ne ko na neman gudunmawa, sai ka karanta ka sani.

To yaya aka yi wasu suka zama na tsoro? Mu koma ga baƙin rubutun Gutenberg. A Ingila an daina buga littattafai da shi sannu a hankali, ya rage sai a tsofaffin dokoki da kaburbura da bangon tsofaffin majami'u. Duk abin da aka bari a kufai kuwa, ka san aljanu ake ba wa. A 1764 wani attajiri ɗan majalisa, Horace Walpole, ya wallafa wani ƙagaggen labari na tsohuwar fada da fatalwa, The Castle of Otranto, ya ɓoye sunansa, ya yi ƙaryar cewa tsintar labarin aka yi a wani tsohon littafi da aka buga da baƙin rubutu a 1529. Labarin ya karɓu. A bugu na biyu ya amsa cewa shi ya rubuta, ya kuma kira shi labarin Gotik. Tun daga nan kalmar ta zama sunan duk labarin kufai da kabari da duhun dare, rubutun ma ya bi ta.

Daga shekarun 1830 masu maɗaba'a a Landan suka soma fitar da 'yan ƙananan littattafai duk mako, kuɗinsu kwabo, cike da labarin 'yan fashi da masu kisa da mayu, don samarin masana'antu da suka fara iya karatu. Zanen bango da kan labari su ne ke sayar da su, don haka kowa ya yi ta ƙoƙarin ya fi ɗan'uwansa ban tsoro. Shi kuwa Dracula, uban labaran mayun Turawa masu shan jini, da ya fito a 1897 bangonsa ruwan ɗorawa ne kawai da suna da jan rubutu, ba ɗigon jini ko ɗaya. Silima ce ta ƙarasa aikin. A 1920 Jamusawa suka yi fim ɗin Dokta Caligari, labarin hauka da kisan kai. Lokacin fim ba ya magana, sai an rubuta maganar a nuna, su kuwa suka rubuta ta da hannu, a karkace, da tsini, kamar hannun mai rubutun yana makyarkyata. Salon ya bi fina-finan tsoro da suka biyo baya.

Amma fa a Jamus kanta, a daidai wannan lokaci, baƙin rubutu ba ya ba kowa tsoro. Wani reshensa da ake kira Fraktur, watau karyayye, wanda aka soma tun zamanin Sarki Maximilian wajen 1513, shi ne rubutun yau da kullum: da shi ake buga jarida, da littafin 'yan firamare, da kalandar manoma. Bajamushe yana ganinsa kamar yadda kake ganin rubutun jikin buhun taki. Da 'yan Nazi suka karɓi mulki a 1933 suka riƙa cika takardunsu da shi suna cewa shi ne rubutun Jamusawa na asali. Kwatsam ran 3 ga Janairu 1941 sai ga umarni da sunan Hitila, da sa hannun Martin Bormann, cewa a daina amfani da shi, wai haruffan Yahudawa ne. Ƙarya ce tsagwaronta. Abin da masana tarihi suka fi yarda da shi shi ne, Jamus ta mamaye ƙasashe da yawa, mutanen can kuwa ba sa iya karanta umarnin da aka liƙa musu. Abin mamakin, su ne suka kashe shi, amma har yau in mai fim yana son ya tuna wa mutane zamanin Hitila, wannan rubutu yake ɗaukowa. Ta haka ya sami kaya biyu a kansa, na fatalwa da na yaƙi. Duk da haka jaridu irin su New York Times ta Amurka da Le Monde ta Faransa har gobe da baƙin rubutu suke sa sunansu a goshin shafin farko, su a wurinsu alamar dattaku ce da daɗewa.

Masu ɗigar jini kuwa 'yan baya-bayan nan ne, kuma hannun masu zane ne ya yi su kafin su zama haruffan ɗab'i. A Amurka bayan yaƙin duniya na biyu, mujallun labaran tsoro cikin zane sun yi kasuwa ƙwarai a wurin yara, irin su Tales from the Crypt da ta soma a 1950. Iyaye suka yi ca, wani kwamitin majalisar dattawa ya zauna a kai a 1954, masu mujallun suka kafa wa kansu doka a shekarar, wadda har ta hana sa kalmomin Ingilishi biyu masu nufin tsoro da firgita a sunan mujalla. Ba a daɗe ba yawancinsu suka mutu.

Haruffan dai ba su mutu ba, sai ma suka koma abin wasa. Dalili kuwa, akwai wani biki da Amurkawa ke yi ran 31 ga Oktoba, Halowin, inda yara ke shigar dodanni su bi gida-gida ana ba su alewa, kusan kamar tashe a wurinmu, a kuma rarake kabewa a yi mata ido da haƙora a sa fitila a ciki. Mai sayar da alewa yana son harafin da zai ce dodo ne, amma dodon da ba ya cizo. Sai aka haɗa biyun, ɗigo a jikin harafi mai kumatu. Fim ɗin barkwanci The Rocky Horror Picture Show na 1975 da haruffa masu ɗigar jini ya rubuta sunansa, haka littattafan yara na Goosebumps da R. L. Stine ya soma a 1992, masu suna yana dalala kamar yauƙin kuɓewa, waɗanda aka sayar da ɗaruruwan miliyoyinsu.

Ɓangaren ban dariya zalla kuwa, sarkinsu Cooper Black ne, wanda Oswald Cooper ya zana a birnin Shikago, aka fitar a 1922. Ba shi da kusurwa, ko'ina a dunƙule kamar curin fura, ga baƙi ga kauri. Wasu masana ɗab'i sun raina shi, 'yan kasuwa kuwa suka yi rububinsa, kuma yau sama da shekara 100 ke nan ana ganinsa a kwalin alewa da ƙofar shago. In ka lura da allunan kasuwar garinku da wuya ka rasa shi ko ɗan'uwansa.

A nan ya kamata mu yi adalci, kada a ce komai sabo ne kawai. A 1929 wani masanin halayyar ɗan Adam, Wolfgang Köhler, ya zo da zane biyu, ɗaya mai tsini-tsini ɗaya mai lanƙwasa, da kalmomi biyu da ya ƙaga, takete da baluma, a faɗi wacce ta dace da wanne. Galibin mutane sukan ba mai tsinin takete, mai lanƙwasar baluma, kuma an maimaita irin gwajin a ƙasashe da yawa, amsar takan zo kusan ɗaya. Watau ido da kansa yana jin tsini kamar ƙaya, yana jin dunƙulalle kamar ƙwarya. A ganinmu iyakar abin da ke jikin harafi ke nan. Sauran, cewa wannan na fatalwa ne, wancan na jarida ne, mutane ne suka ɗora masa, kuma ka ga yadda suke saukewa su ɗora wani.

Saura yadda suka zo hannun kowa. Kamfanin Letraset na Landan ya fito a 1961 da haruffa a jikin leda, ka ɗora a takarda ka goga da bayan biro harafin ya manne. Tsofaffin ma'aikatan maɗaba'a sun san shi sarai. Sa'an nan kwamfuta ta zo ta share fage. A 1994 wani ma'aikacin Microsoft, Vincent Connare, ya ga wani shiri da kamfanin ke haɗawa don sababbin shiga, inda wani ɗan kare na zane ke magana da haruffan jarida masu ɗaure fuska. Ya ga abin bai dace da bakin kare ba, ya zauna ya zana Comic Sans yana kwaikwayon rubutun mujallun zane. A 1995 kuma Andrew Smith ya zana Chiller, mai kama da an tsoma tsinke a jini an yi rubutu, da Jokerman mai ɗige-ɗige da 'yan ƙawanya. Da yake an zuba su a cikin manhajojin Microsoft, shagunan kwamfuta sun same su ba tare da sun nema ba. Shi ya sa kake ganinsu a katin biki da kalanda da sitika, wani lokaci ma a inda bai kamata ba, ka ga katin ɗaurin aure da haruffan fatalwa.

Tun da ka ce kana sayar da maganin feshi, ga wani abu da ya shafe ka kai tsaye. Gargaɗin gaske ba a rubuta shi da haruffan ban tsoro. In ka ga kwalin maganin ɓera ko na ƙwari da suna yana ɗigar jini, talla ce, mai kaya ne ke cewa nasa ya fi kisa, kuma kowa na iya bugawa. Abin dubawa yana wani wurin, cikin haruffa marasa ado: zanen ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye, da zirin launi a ƙasan takardar. A tsarin da hukumomin lafiya da na abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya suka shimfiɗa, ja shi ne mafi haɗari, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai kore mai dama-dama. Sai kuma ranar da maganin zai lalace, da lambar rajista, wadda a Nijeriya hukumar NAFDAC ke bayarwa. Manomin da bai yi boko ba ma yana iya riƙe launin, in mai shago ya nuna masa sau ɗaya.

Sai matsalarmu ta Hausa. Haruffan nan na ado kusan dukkansu don Ingilishi da harsunan Turai aka zana su, ba su san da ɓ da ɗ da ƙ ba, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar. Su waɗannan masu lanƙwasa a shekarun 1930 aka tsayar da su, zamanin da Dokta Rupert East ke shugabancin hukumar talifi a Zariya. Kafin nan wasu ɗigo suke sawa a ƙarƙashin harafi, wasu waƙafi a gabansa. Littattafan Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta soma fita a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, su suka sabar wa mutane da su. Kwamfuta ta san su tun farkon shekarun 1990, da aka ba kowannensu lamba a tsarin Unicode, amma ba da lamba daban, zana harafin daban. In mai zanen bai zana ƙ ba, sai ka ga ɗan akwati fanko a wurin, ko wani baƙon harafi siriri ya faɗo tsakiyar masu ƙiba kamar akuya a garken shanu. Yaron shago kuwa don ya huta sai ya sa k ya wuce.

A cikin dogon rubutu mai karatu yakan gane daga abin da ke gaba da baya. A kan magana mai kalma uku ko huɗu kuwa, ba gaba ba baya. Ƙura ta rufe kasuwa sai ta koma kura ta rufe kasuwa, an karɓi baƙi ya koma an karɓi baki, kaya sun ƙare ya jawo maka kare a bakin rumfa. Saboda haka in za a yi maka allo, Malam, ka sa a buga maka samfuri a takarda tukuna, ka karanta da ƙarfi yadda aka rubuta, ba yadda kake nufi ba. In lanƙwasar ta ɓace, ko dai a sauya harafin, ko a kira mai fenti ya ƙara ta da buroshi, irin masu rubutun jikin manyan motoci, don su ba injin da ke hana su, harafinsu a hannunsu yake.

Waɗanda ba su ji wasiƙunsu ba su ƙara haƙuri, suna nan a jaka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.